NAZARI: Tsakanin fansho da fansa: Tsofaffin yammacin Zamfara da alƙaluman gwamnati ba su san da zamansu ba

Yaron da aka haifa a garin Gwashi, cikin Ƙaramar Hukumar Bukkuyum ta yanzu, a shekarar da aka kashe Sardauna, yana cika shekara 60 a 2026. Yana ɗan shekara bakwai aka shiga farin 1973. Yana da 30 aka yanko Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato. Ranar ƙarshe da malamin ƙidaya ya yi sallama a ƙofar gidansa, cikin watan Maris na 2006, magidanci ne ɗan shekara 40, da ƙarfinsa na noma da huɗa. Da ma'aikacin gwamnati ne, da wannan ce shekarar da za a miƙa masa takardar ritaya, a buɗe masa fayil a ofishin fansho. Da yake manomi ne, babu ofishin da zai san ya tsufa.

Tushen abin yana cikin yadda Najeriya ke tattara bayanan jama'arta. Babban binciken da aka fi dogara da shi wajen sanin halin da iyalai ke ciki, wato Binciken Yawan Jama'a da Lafiya, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke yi kusan duk bayan shekara biyar, mata 'yan shekara 15 zuwa 49 yake zaunarwa ya yi wa tambayoyi, sai maza 'yan 15 zuwa 59. Wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta yi tare da UNICEF a 2021 kuwa, a kan 49 ya tsaya, maza da mata. Duk wanda ya haura nan, sai dai a rubuta sunansa da shekarunsa a jerin mutanen gida, a wuce. Ba a tambayarsa ko ya ci abinci jiya, ko wa ke sayen maganinsa.

Masu tsara binciken suna da hujja, domin haihuwa da lafiyar ƙananan yara suka fito aunawa, kuma masu ba da kuɗin aikin abin da suka biya ke nan. Sai dai ƙasar ba ta tanadi wani binciken da zai ɗora daga inda waɗannan suka tsaya ba. Daga 2026 mutumin Gwashi ya fita daga sahun waɗanda ake tambaya. Uwargidansa, ko da ya girme ta da shekara goma, ita ma ta fita.

Alƙaluman da ba su yarda da juna ba

Ƙidayar 2006 ta ce Najeriya na da mutum miliyan 140, Zamfara na da kusan miliyan 3.3. Ta ba Anka mutum fiye da dubu 140, ta ba Gummi da Bukkuyum fiye da dubu 200 kowace. Duk adadin da ake faɗi tun daga lokacin ƙiyasi ne: a ɗauki tsohon adadi a ƙara masa wani kaso kowace shekara. Irin wannan lissafi yana ɗauka cewa mutane na nan inda aka bar su. A waɗannan ƙananan hukumomi uku, inda ƙauyuka suka watse, garuruwa suka cika suka batse da 'yan gudun hijira, wannan zato ya daɗe da rushewa. Ƙidayar da ya kamata ta gyara lissafin an sa mata ranar 3 ga Mayu, 2023, amma saura kwanaki kaɗan Shugaba Muhammadu Buhari ya ɗage ta, har yau kuma ba a yi ba.

Ko a matakin ƙasa, tambayar tsofaffi nawa ne a Najeriya ba ta da amsa ɗaya. Sashen yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya yana ƙiyasta cewa kusan mutum biyar cikin 100 ne suka kai shekara 60, wato tsakanin miliyan 10 zuwa 11. Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda aka sa wa dokarta hannu a Janairun 2018 ta kuma fara aiki a 2021 ƙarƙashin Dakta Emem Omokaro, ta riƙa amfani da miliyan 14.8, adadin da aka samo daga binciken halin rayuwa da NBS ta yi a 2018 zuwa 2019. Tazarar da ke tsakanin adadin biyu ta zarce yawan mutanen Zamfara duka a ƙidayar 2006.

Haka abin yake ga tsawon rai. Majalisar Ɗinkin Duniya na sa matsakaicin shekarun ɗan Najeriya a wajen 54, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma na sa shi sama da 60. Dukansu lissafi suke yi daga nesa, domin mutuwar da ake yi wa rajista a ƙasar ba ta wuce kimanin kashi 10 cikin 100 ba. A ƙauye mutum kan rasu da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, babu takardar da ta biyo baya. Kuma adadin nan na 54 ya sha ruɗar jami'ai, har wasu na ɗauka cewa tsufa ba matsalar Najeriya ba ce tunda mutane ba sa kaiwa. Mutuwar ƙananan yara ce ke jan adadin ƙasa. Wanda ya tsallake ƙuruciya ya kai 60, duk ƙiyasin biyu sun yarda yana da sauran fiye da shekara goma a gaba, shekarun da ƙarfi ke raguwa, kuɗin magani ke ƙaruwa.

Sannan akwai batun shekarun kansu. Mafi yawan waɗanda aka haifa a karkarar Zamfara kafin 1970 ba su da takardar haihuwa. Idan aka tambayi tsoho shekarunsa, sai ya ce sittin ko saba'in, shi ya sa masana suka daɗe da lura cewa a ƙidayoyin Najeriya mutane kan taru a kan shekarun da suka ƙare da sifiri ko biyar. Malaman ƙidaya kan nemi mafita ta hanyar tarihi: kana da wayo lokacin da aka kashe Sardauna? Ka yi aure kafin canjin kuɗi na 1973, ko bayansa? Dabara ce mai amfani, amma tana buƙatar haƙuri da sanin tarihin wurin, abin da matashin da aka ɗauka aikin mako guda ba lallai ya mallaka ba.

Fansho na 'yan tsiraru

Idan aka ce ritaya a Najeriya, dokar ma'aikata ake nufi: shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, malaman makaranta kuma 65 ko 40 tun bayan dokar 2022. Dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba kashi 10. Masu asusu a wannan tsari sun haura miliyan 10. A gefe guda kuma NBS ta ce fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a ƙasar sana'ar kansu suke yi ko aikin da babu takarda. Don irinsu aka ƙaddamar da ƙaramin tsarin fansho a Maris 2019, amma zuwa ƙarshen 2023 waɗanda suka shiga ba su wuce dubu 100 da 'yan kai ba a duk faɗin ƙasar.

A Zamfara ko 'yan tsirarun da doka ta yi wa alkawari sun ga tasku. Gwamna Dauda Lawal ya ce ya gaji bashin garatuti na fiye da naira biliyan 13, wanda ya taru tun daga 2011, kuma gwamnatinsa ta fara biya a 2024. Ma'ana, malamin firamare da ya ajiye alli a Gummi a 2011 yana ɗan shekara 60 ya haura 70 kafin layi ya zo kansa, idan ya rayu, kuma kuɗin ya iske shi bayan hauhawar farashi ya cinye mafi yawan darajarsa. A cikin waɗancan shekarun ne, a Oktoban 2019, tsohon gwamna Abdul'aziz Yari ya rubuta wa gwamnatin jihar wasiƙa yana tunatar da ita alawus ɗinsa na naira miliyan 10 a wata. Wasiƙar ta fita duniya, majalisar dokokin jihar ta soke dokar fanshon tsofaffin gwamnoni cikin Nuwamba, Gwamna Bello Matawalle ya sa hannu. Yari shi ne sanatan Zamfara ta Yamma tun 2023, mazaɓar da Anka da Gummi da Bukkuyum ke cikinta.

Duk wannan taƙaddama ana iya yin ta ne saboda akwai fayil da suna da adadi. Ana iya cewa bashin biliyan 13 ne, a ce an biya kaza saura kaza. Tsarin Mulki, a sashe na 16, ya ambaci kula da tsofaffi ga dukan 'yan ƙasa, amma yana cikin babin da ba a kai gwamnati kotu a kansa, kuma babu fayil ɗin da ke nuna nawa ne bashin.

Gandu, garke da 'ya'ya

Bahaushen karkara yana da nasa tsarin ritaya tun kafin a san kalmar fansho. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina ta fitar da littafinta kan tattalin arzikin ƙauyen a 1972, ta bayyana shi dalla-dalla, kuma duk wanda ya tashi a ƙauye ya san shi ba tare da littafi ba. Uba na da gandu. 'Ya'yansa maza, har da masu aure, suna yi masa aiki a ciki, shi kuma ya ciyar da gida, ya biya haraji, ya yi musu aure, ya yankar musu gayauna su noma wa kansu. Yayin da ƙarfin uba ke raguwa, sai babban ɗa ya karɓi ragamar aiki, uba ya koma bakin rumbu da zaure. Shanu da tumaki su ne asusun ajiya. Idan aka ce haihuwa ta yi rana, wannan ake nufi. Binciken 2018 ya nuna mace a Arewa maso Yamma na haihuwar 'ya'ya 6.6 a matsakaici, kuma wanda ke son fahimtar wannan adadi sai ya tuna cewa kowane ɗa namiji hannu ne a gandu, kuma jingina ce ta ranar tsufa.

Tsarin ya fara sassautawa tun da daɗewa, saboda gonaki na tsagewa a gado, matasa na tafiya ci-rani wasu ba sa dawowa. Abin da 'yan bindiga suka yi shi ne sare ginshiƙansa a lokaci guda. Garken da aka tara shekara 30 ana kore shi a dare ɗaya. Gonar da ke nesa da gari ba ta nomuwa, ko kuma sai ƙauye ya haɗa harajin da aka ɗora masa kafin shuka da kafin girbi. Idan aka ɗauke mutum, gona da sauran dabbobi ake sayarwa a haɗa kuɗin fansa, kuma gonar uban gida ce ta farko a kasuwa, domin ita ce babba. Dattijon da ya sayar da gandu ya fanso ɗansa ya ci fanshonsa gaba ɗaya a yini guda.

Sai kuma rayuka. A farkon Janairun 2022 'yan bindiga sun kwashe kwanaki suna kai hari a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Mazauna yankin sun ce an kashe kusan mutum 200, gwamnatin jihar ta ce 58. Inda ba a daidaita kan adadin gawa ba, babu mai sa ran a san iyaye nawa aka bari ba mai ciyar da su. A irin waɗannan hare-hare galibi maza masu jini a jika ne ke mutuwa, a gona ko a hanyar kasuwa ko a sahun 'yan sa-kai. Idan matar mamaci ta gama takaba ta yi wani aure, yaran da aka yaye sukan zauna a gidan ubansu, hannun kaka. Tsohuwar da ya kamata a ce ana dafa mata ta koma neman abin da za ta dafa wa jikoki.

Yankin na ɗauke da wani tsohon tabo da lissafin tsufa bai taɓa dubawa ba. A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinare ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega a Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa dubbai magani tsawon fiye da shekara goma. Da yaran nan sun rayu, da yanzu suna gab da shekara 20, lokacin shiga gandu gadan-gadan. Cikin waɗanda suka tsira akwai waɗanda gubar ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, iyayensu za su tsufa suna ɗawainiya da su.

Ɗan da ya tafi Legas ko Abuja yana acaba ko gadi, ta waya da masu POS yake aiko da na cefane. Lokacin da aka katse layukan sadarwa a Zamfara cikin Satumban 2021, aka kuma rufe kasuwannin mako don toshe wa 'yan bindiga hanyar samun mai da abinci, wannan igiyar ma ta tsinke na tsawon makonni. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya maimaita haka.

Nauyin ya fi danne mata. Binciken 2018 ya nuna rabin matan Arewa maso Yamma sun yi auren fari kafin su cika 16, kuma yawanci mazan sun girme su nesa ba kusa ba. Saboda haka namiji kan tsufa da mace a gefensa, mace kuwa kan tsufa bayan an binne mijin. Rabonta a gado tumuni ne idan akwai 'ya'ya, kuma ita da kishiyoyinta za su raba shi: idan su huɗu ne, kowace ta tashi da kashi ɗaya cikin 32. Mai ɗa namiji za ta zauna a ɗakinta. Wadda ba ta haihu ba, ko ta haifi mata duk suna gidan aure, sai ta koma gidan ɗan'uwa, ta riƙe kanta da ƙuli-ƙuli ko daddawa ko surfen kuɗi, da 'yar akuyarta. Alƙaluman talauci ba sa ganin wannan bambanci. NBS ta ce kusan kashi 74 cikin 100 na mutanen Zamfara na ƙasa da layin talauci a 2019, ta kuma ce kashi 78 na cikin talauci mai fuskoki da yawa a 2022. Amma gida ake aunawa dunƙule, a ɗauka kowa na cin rabonsa daidai. Tsohuwar da ke ɗakin baya, wadda ba ɗanta ne mai gidan ba, ta san ba haka ake rabon tuwo ba.

Waɗanda ke ƙirga 'yan gudun hijira ma waɗanda suka iso gari suke ƙirgawa. A Disambar 2020 Amnesty International ta fitar da rahoto kan tsofaffi a rikicin Arewa maso Gabas, inda ta nuna cewa su ne suka fi zama a ƙauye bayan kowa ya gudu, saboda ƙafa ba za ta kai su ba ko kuma ba za su iya rabuwa da gida ba, kuma waɗanda suka isa sansani sukan rasa sunansu a jerin masu karɓar abinci. Babu dalilin zaton cewa dajin Anka ya bambanta da na Bama a wannan fuska.

Yadda wasu suka auna nasu

Amurka ta fara bibiyar mutum kusan dubu 20 'yan sama da shekara 50 tun 1992, ana komawa wurinsu duk bayan shekara biyu a tambaye su lafiya da dukiya da wanda suke zaune da shi. Ingila ta bi sahu a 2002, Indiya ta yi nata a 2017 da mutum fiye da dubu 70. Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta zaɓi ƙasashe shida don irin wannan bincike, Ghana da Afirka ta Kudu ne suka wakilci Afirka. A Najeriya, mafi kusa da haka shi ne binciken da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta daga Ibadan a 2003 zuwa 2004, wanda ya zanta da mutum 2,152 'yan shekara 65 zuwa sama a jihohi takwas da ake jin Yarbanci. Ya gano cewa kusan ɗaya cikin huɗu ya taɓa fama da ciwon damuwa mai tsanani a rayuwarsa, abin da ya girgiza masu cewa zumuncin Afirka ya isa ya kare tsoho daga kaɗaici. An yi wannan ne a yankin da babu yaƙi, fiye da shekara 20 da suka wuce. Ƙasar Hausa ba ta samu kwatankwacinsa ba, duk da jami'o'in da ke Sakkwato da Gusau da Kano da Zariya.

Rashin adadi yana da farashi a aikace. Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar ƙasa kan tsufa a Fabrairun 2021, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta sa tsofaffi cikin masu rauni da asusu na musamman zai biya wa kuɗin magani. Amma kwamishinan da zai ware kuɗi a kasafi sai ya san mutum nawa zai ɗauka. Tallafin naira dubu 25 na wata uku da gwamnatin Tinubu ta sanar a Oktoban 2023 an ɗaure shi da lambar NIN da asusun banki, alhali manomin da ya shekara 50 yana riƙe da fartanya sau da yawa na'ura ba ta karanta zanen yatsunsa, kuma hanyar zuwa ofishin rajista ita ce hanyar da ake tare mutane.

Zamfara ba ta rasa abin farawa da shi ba. Tana da Hukumar Zakka da Waƙafi tun farkon shekarun shari'a, tana da masarautu da hakimai da masu unguwanni waɗanda suka san wace tsohuwa ce ba ta da kowa, sanin da babu kwamfutar Abuja da ta mallaka. Ba sai an jira ƙidaya ta ƙasa ba kafin a rubuta, mazaɓa bayan mazaɓa, wane ne ya haura 60, da wa yake zaune, yana da gona ko an sayar, jikoki nawa ke hannunsa. Haɗarin da ke ciki sananne ne: jerin da 'yan siyasa suka sa wa hannu yakan cika da 'yan jam'iyya, shi ya sa ya fi dacewa a karanta sunayen a bainar jama'a, a ƙofar fada ko bayan sallar Juma'a.

Abin da za a yi da jerin wata muhawara ce daban. Jihar Ekiti ta gwada biyan naira dubu biyar a wata ga 'yan shekara 65 zuwa sama daga 2011, zamanin Gwamna Kayode Fayemi, shirin ya tsaya da gwamnati ta sauya a 2014. Lesotho, wadda ba ta fi Zamfara yawan jama'a ba, tana biyan duk wanda ya kai 70 tun 2004, Zanzibar ta fara a 2016, Kenya a 2018. Dukan ukun a kan 70 suka ja layi, domin haka aljihunsu zai iya ɗauka. Idan Zamfara ta ja nata a nan, mutumin Gwashi sai ya jira 2036, kuma a ranar sai ya kawo shaidar cewa a shekarar da aka kashe Sardauna aka haife shi.